Girgiɗi a jikin bindiga da ɓacewar saiti: nazarin lamarin M14 ta sojan Amurka

A 1957 rundunar sojan Amurka ta karɓi M14 a matsayin bindigar da za a riƙa wa kowane soja. Daga M1 Garand ta Yaƙin Duniya na Biyu aka samo tsarinta. Tana cin harsashi mai girman 7.62×51, bututunta inci 22 ne, nauyinta kuma ya ɗan haura kilo 4 idan babu harsashi a ciki. Ba ta yi dogon zamani a wannan matsayi ba, domin a 1963 sakataren tsaro Robert McNamara ya ba da umarnin a daina sayenta, aka rufe ƙira a 1964 bayan an yi kusan guda miliyan 1.38, M16 ta gaje ta. Amma ba a jefar da ita ba. Masu gasar harbi da gwanayen harbi daga nesa sun ci gaba da riƙe ta shekaru da dama, kuma a hannunsu ne halinta ya fito fili. Idan an gyara ta sosai tana zuba harsasai wuri guda, sai dai gyaran ba ya daɗewa. Bayan an kwance ta an mayar sau kaɗan, ko an yi harbi mai yawa, sai ka ga ramuka sun fara bazuwa a kan allon da ake harba alhali bututun lafiyarsa ƙalau. Kusan kullum laifin yana wurin da ƙarfe ya haɗu da katako, ko inda ƙarfe ya hau ƙarfe bai zauna daram ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi a wannan fanni shi ne mintin kusurwa, wato kashi 1 cikin 60 na digiri. A nisan mita 100 minti ɗaya yana ba da santimita 2.9. M14 ta gama-gari, wadda aka ɗauko daga rumbun makamai, galibi tana watsa harsasanta cikin minti 3 zuwa 4. Wadda maƙerin gasa ya zauna a kanta, aka ba ta harsashi mai kyau, tana iya saukowa kusa da minti ɗaya. Wani ɓangare na wannan bambanci daga bututu da harsashi yake, amma babban kaso daga cire girgiɗi ne a wurare huɗu ko biyar.

Yadda aka haɗa ta

Uwar ƙarfen bindigar, wadda maƙera ke kira risiba, ita ce aka ɗaure bututu a jikinta, kuma a cikinta sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle bayansa, ke kai da kawowa. A yawancin bindigogin farauta ana ɗaure risiba da ƙota da sukurori biyu, mutum ya ƙara musu ƙarfi ko ya rage yadda yake so. M14 ba haka take ba. Ana saka risiba ta sama, a cusa gidan kunama ta ƙasa, sannan a danna zoben da ke kare kunama har ya kulle. Zoben nan shi ne ke aikin matsewa: idan ana rufe shi, ƙugiyoyinsa suna kama ƙafafun risiba su jawo ta ƙasa, katakon ƙota ya matsu a tsakani. Ke nan ƙarfin riƙon gaba ɗaya ya dogara ne da kaurin katakon da ke tsakanin ƙarafa biyu. Ga soja wannan dabara ce mai kyau, domin yana kwance bindigarsa cikin daƙiƙoƙi ba tare da ya nemi sukurudireba ba. Ga saiti kuwa nan matsalar ta faro.

Katako ba ya zama a kauri ɗaya. Kowa ya san ƙotar fartanya: da damina ta kumbura ta riƙe ƙarfe gam, da rani ta bushe ƙarfen ya soma rawa. Ƙotocin M14 na farko na katakon gyaɗar Turawa ne, daga baya aka yi na wani farin katako, kuma a dazukan Biyetnam masu laima sun riƙa kumbura suna sauya inda harsashi ke faɗawa, abin da ya sa aka koma ƙotar faiba. Ban da laima akwai matsi. Katakon da ya shekara a matse yana lotsawa, man bindiga ya shige shi ya sa ya yi laushi, kowace buɗewa da rufewa kuma tana ɗan cin gefensa. Gwajin da maƙera ke yi mai sauƙi ne. A rufe zoben kunama a hankali. Idan riƙon yana da kyau, zoben zai fara turjiya tun saura kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi ya kulle, sai an danna da tafin hannu. Idan ya rufu salin-alin babu turjiya, risiba tana yawo a cikin ƙota ko da ido bai gani ba.

A nan mai lura zai iya tambaya. Saitin baya a kan risiba yake, saitin gaba a bakin bututu, bututu kuma a ɗaure yake da risiba. To idan dukkansu suka motsa tare a cikin ƙota, me zai ɓace? Amsar tana wurare biyu. Na farko, bindiga tana fara ja da baya tun ƙwayar harsashi ba ta fita ba. Ƙwayar tana yin ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, kuma a wannan ɗan lokaci bindiga mai nauyin kilo 4.5 da ta harba ƙwaya mai giram 11 ta riga ta ja baya kimanin milimita 1.5. Idan risiba tana zaune daram, wannan motsi iri ɗaya ne a kowane harbi, saiti ya riga ya haɗiye shi. Idan tana da wurin zamewa, yau ta daki kafaɗar dama ta ƙota, gobe ta hagu, bakin bututu yana kallon wuri dabam lokacin da ƙwaya ke barinsa. Na biyu ya fi wannan muhimmanci: ƙotar M14 tana riƙe da bututu ta gaba. A ƙarshen ƙota akwai hular ƙarfe, a jikin bututu kuma akwai ɗamarar gaba mai leɓe da ke shiga ƙarƙashin hular. Idan an kulle bindiga, hular tana jan bututu ƙasa. Wannan ja yana rage kaɗawar bututu, muddin ƙarfinsa bai canza ba. Da zarar risiba ta ɗan sauya zama a baya, jan da ke gaba ya ƙaru ko ya ragu, bututu ya lanƙwasa da ɗan abin da ba a gani, harsashi ya hau ko ya sauka.

Gyaran da aka yi wa ƙota

Rundunar gwanayen harbi ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a 1956 a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya, ita ce ta fi shahara wajen tsara yadda ake gyaran M14 don gasa. Tushen gyaran shi ne yi wa risiba shimfiɗa da gam ɗin ifoksi. Ana fafe katako a wuraren da ke ɗaukar nauyi, wato ƙarƙashin gefunan risiba, bayan ƙafafunta inda dukan harbi ke sauka, duddugenta na baya, da inda gidan kunama ke zama. Ana shafa wa ƙarfe maganin hana mannewa, a toshe duk wani rami da gam zai iya shiga ya kulle ƙarfen, a zuba gam mai ƙarfi irin su Bisonite ko Devcon ko Marine-Tex, a zaunar da risiba, a bar shi ya daskare. Yayin da yake daskarewa ana ɗan ɗage bututu da wani abin tokare a gaba, domin idan an cire tokaren aka kulle bindiga a samu jan nan na ƙasa daidai gwargwado. Sakamakon shi ne gurbi mai siffar wannan risibar ita kaɗai. Ƙotar da aka yi wa wata bindiga shimfiɗa ba ta yi wa wata.

Kurakuran wannan aiki sanannu ne. Wanda ya manta bai toshe rami ba zai wayi gari bindiga ta manne da ƙota, sai an fasa. Wanda ya zuba gam siriri a kan katakon da ya sha mai zai ga ya ɓare bayan harbi kaɗan, don haka sai an fafe har a kai ga busasshen katako. Wanda kuma ya matse risiba da ƙarfi fiye da kima lokacin da gam ke daskarewa ya gina lanƙwasa a cikin gurbin, kullum bindigar a takure take.

Ko aikin ya yi kyau, shimfiɗar tana da kwanakinta. Risibar M14 ba ta fita daga ƙota a miƙe, sai an karkato ta, kuma kowace fita tana goge bakin gurbin. Shi ya sa 'yan gasa ba sa kwance irin wannan bindiga sai dole, wasu sau ɗaya a shekara. Suna wanke ta a kife, saiti yana kallon ƙasa, don kada ruwan wanke bututu ya gangara cikin shimfiɗa ya jiƙa ta ko ya shiga silindar gas, wato ɗan kwaroron da ke ƙarƙashin bututu inda iskar harbi ke shiga. Idan ta fara saki ana ƙara mata sabon gam siriri a sama. Ga mai gasa da ke ajiye bindigarsa a jaka wannan ba wani abu ba ne. Ga soja a fagen fama, wanda ƙura da ruwan sama ke tilasta masa kwance bindiga, babbar matsala ce, kuma ita ta bi M21, wato M14 da aka gyara don harbi daga nesa. A 1969 ma'aikatar makamai ta Rock Island ta mayar da M14 na gasa guda 1,435 bindigogin harbi daga nesa, aka ɗora musu madubin hange, aka kai su Biyetnam. Suna harbi da kyau, amma kula da su yana bukatar maƙeri na musamman, wanda ba kowace bataliya ke da shi ba. A 1988 M24, mai sakatar hannu da sukurori biyu da gadon alminiyam a cikin ƙota, ta karɓi aikin.

Abubuwan da ke rataye a bututu

Ko an gama da ƙota, saura gaba. Silindar gas ta M14 tana zamewa ne a kan bututu ta bisa wasu tsagogi, wani makulli mai zare ya danne ta, sannan murfin silinda ya ratsa makullin ya riƙe shi. Ɗamarar gaba tana matse ne tsakanin silinda da kafaɗar bututu. Idan makullin ya zagaya ya kai mazauninsa da yatsa kawai, ko ya wuce sai an dawo da shi baya, to silinda da ɗamara duk suna da wurin motsi, kuma kowane harbi fistin da iskar harbi ke turawa a cikin silinda yana dukan sandar turi, wadda ke mayar da sakata baya, silinda ta girgiza. Maganin shi ne washa siririya ta ƙarfe, mai kaurin milimita 0.1 zuwa 0.4, da ake sakawa a bayan ɗamara. Idan ka ɗauki bakin bindiga kamar fuskar agogo, ana so makullin ya tsaya da hannu a wajen ƙarfe huɗu ko biyar, sai an sa masa ƙarfi kafin ya kai ƙarfe shida. Bayan an sa washa dole a duba cewa ramin gas na bututu yana nan daidai da na silinda, in ba haka ba bindiga ta fara kasa jawo harsashi na gaba. A bindigogin gasa ana wuce nan, a haɗe ɗamara da silinda su zama abu guda, ko da walda ko da sukurori da gam.

Makashin walƙiya, wato ƙarfen da ke rage hasken harbi a bakin bututu, shi ma a kan tsagogi yake, wani noti mai haƙora ya riƙe shi, ƙaramin sukuru ya hana notin juyawa. Saitin gaba a kansa yake zaune, don haka duk rawar da ya yi ta tafi kai tsaye zuwa allo. Lissafin ba shi da wuya. Tsakanin saitin baya da na gaba kusan santimita 68 ne. Idan saitin gaba ya gusa da milimita 0.1, kaurin takarda ke nan, harsashi ya kauce da kusan santimita 1.5 a mita 100. A yadi 600, nisan da ake harbi a gasar ƙasa ta Camp Perry a jihar Ohayo, milimita 0.2 tana ba da kusan santimita 16, alhali zoben tsakiya na allon faɗinsa inci 6 ne, wato santimita 15. Maƙera suna ɗan bubbuga gefen tsagogin bututu da ƙaramin ƙarfe har makashin ya daina shiga da hannu sai da ɗan duka, suna kuma ƙara faɗin ramin cikinsa don kada ƙwaya ta shafi gefe idan ya ɗan karkace.

Akwai kuma zoben da sandar turi ke bi ta cikinsa, wanda aka soke da ƙusa a jikin bututu. Idan ya kwance, sandar tana kaucewa daga tsakiyar fistin, dukan ya riƙa zuwa a karkace.

Madubin hange ya zo da tasa rigimar, domin ba a tsara M14 da shi a zuciya ba. Kwanson harsashi ta sama yake fita, don haka a gefen hagu na risiba ake maƙala mazaunin madubi, da sukuru ɗaya da wani tsagi. Idan wuraren da mazaunin ya kama suna da tazarar santimita 10, motsin milimita 0.05 kacal yana kai santimita 5 a mita 100. Mazaunan da suka biyo baya sun ƙara wurin riƙo a saman risiba ta baya, abin ya yi sauƙi, amma har yau wannan sukurun ne farkon abin da ake dubawa idan M14 mai madubi ta rikice.

Karanta allo

Kafin a taɓa komai ana harba harsasai 10 daga kan matokari, duk daga kwali ɗaya, domin rukunin harbi uku ba ya nuna komai sai sa'a. Siffar ramukan takan nuna inda za a fara nema. Idan suna hawa sama a jere yayin da bututu ke zafi, galibi jan ɗamarar gaba ne ke canzawa, ko murfin saman bututu ya tokare ƙota. Idan suna bazuwa dama da hagu, a kama makashin walƙiya da saitin baya a jijjiga. Idan suka rabu gida biyu, kowane gida a dunƙule, akwai wani abu da ke tsalle tsakanin mazauni biyu, kuma sau da yawa mazaunin madubi ne. Idan kuwa harbin farko bayan an mayar da bindiga ƙota ya fita can gefe, saura suka taru, risiba ce ba ta koma gurbinta ba sai da duka ya zaunar da ita. Ƙa'idar aiki ita ce a gyara abu ɗaya, a sake harbi, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya matse komai rana ɗaya ba zai san abin da ya yi aiki ba.

Ba kowane girgiɗi ake cirewa ba, kuma nan ne masu ƙaramin sani ke ɓata bindiga. Sakata da sandar turi dole su sami sarari. Ana cire sifirin, a karkata bindiga, su zame da nauyinsu ba tare da sun maƙale ba. Fistin ma haka, ya zame a cikin silinda shi kaɗai, a bushe babu mai. Murfin saman bututu ana so ya ɗan yi motsi, kada ya taɓa ƙota. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi kuwa batun tsaron rai ne, da ma'auninta na musamman ake duba ta, ba aikin kintace ba ne.

Maganin ƙarshe da abin da ya biyo baya

Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi sun dawo da M14 fage, domin ana bukatar bindigar da za ta kai nesa fiye da M4, wato gajeriyar M16. Wannan karon aka fito da tsarin da babu katako ko gam a cikinsa. Kamfanin Sage International ya yi ƙota ta alminiyam, aka cire zoben sandar turi aka sa wani dunƙulen ƙarfe da ake ɗaure shi da sukurori a jikin ƙotar, ta yadda ƙarfe ke zaune a kan ƙarfe, bututu kuma ya daina dogara da hular gaba. Rock Island ta haɗa irin waɗannan fiye da 6,000. Sun riƙe saiti fiye da na da, amma nauyi ya haura kilo 5 tun kafin a ɗora madubi, kwancewa kuma ta koma aikin sukurori da yawa.

A filin gasa kuwa tun shekarun 1990 M16 ta ture M14, kuma dalilin yana da ban mamaki ga wanda ya taɓa riƙe ta. M16 da 'yar'uwarta AR-15 rabi biyu ne, sama da ƙasa, ƙusoshi biyu masu kaurin milimita 6.35 suka haɗa su, kuma da yawa daga cikinsu idan ka murɗa sai ka ji suna ƙwas-ƙwas. Masu saye suna damuwa da wannan har ana sayar da ɗan robar da ake cusawa a tsakani. Amma bututu da sakata da saiti ko madubi duk a rabin sama suke, sakata kuma a cikin gindin bututu take kullewa. Rabin ƙasa kunama da ƙota da gidan harsashi kawai yake ɗauke da su. Rawar tana iya damun mai harbi a hannu, ta sa kuncinsa bai zauna wuri ɗaya ba, amma ba ta shiga tsakanin saiti da bututu, don haka tasirinta a allo kaɗan ne. Wurin da ya cancanci kulawa a wannan bindiga shi ne inda gindin bututu ya shiga rabin sama, da notin da ke ɗaure shi, da mariƙin hannu da ake sauyawa da wanda ba ya taɓa bututu. M110, wadda sojan Amurka ya fara rabawa a 2008 don harbi daga nesa, a kan wannan tsari aka gina ta.

Bindigogin da aka sani a Afirka ta Yamma suna nuna fuska biyu na lamarin. BM59 ta Italiya, wadda masana'antar makamai ta DICON a Kaduna ta taɓa ƙerawa, ita ma daga Garand ta fito, kuma da zoben kunama take matse ƙota kamar M14. Murfin saman AK yana rawa ba tare da ya cutar da komai ba, domin saitin baya a kan ƙarfen gindin bututu yake, sai fa idan wani ya ɗora madubi a kan murfin. FN FAL kuwa rabi biyu ce kamar M16, amma saitinta na baya a rabin ƙasa yake, na gaba a kan bututu. Idan mahaɗinta ya ci har ya soma girgiɗi, saitin biyu ne ke motsi dabam-dabam, kuma kowane kashi ɗaya cikin goma na milimita a wurin yana fitowa a kan allo.